Kifin da ke tsayuwa kai ƙasa: lafiyarsa ƙalau, kada ki ba shi magani

A wannan makon za mu ɗan ajiye zancen zazzaɓi da rigakafi, mu leƙa falo, inda akwatin gilashi na kifin ado ya fara samun wuri kusa da talabijin a gidajenmu. Akwai wani kifi da ke ɗaukar hankalin yara da zarar sun gan shi, saboda yadda yake tsayuwa a cikin ruwa kansa a ƙasa, jelarsa a sama, kamar wanda ya yar da allura yana nema. Masu sayarwa suna kiransa headstander da Turanci, wato mai tsayuwa a kansa.

Abu na farko da ake koya mana a aikin jinya shi ne, kafin ki ce mutum ba shi da lafiya, ki san yadda yake idan yana lafiya. Zuciyar jariri sabon haihuwa takan buga sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya kuma babu komai, alhali ta babba tsakanin 60 da 100 take. Haka abin yake ga kifi. Yawancin kifaye suna da wata jakar iska a cikinsu da ke daidaita musu tsayuwa. Idan ta samu matsala, sai ki ga kifin zinare ya karkace ko ya kifa kai yana fama. A wurinsa ciwo ne. Shi kuwa wannan, halittarsa ke nan. Asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, irin su Amazon da Orinoko, inda yake wuni yana tsintar gansakuka da ƙananan ƙwari a jikin duwatsu da saiwoyi. Mu ma ai muna da namu mai abin mamaki: a cikin dangin kurungu akwai wanda ke iyo cikinsa a sama, kuma masunta ba su taɓa cewa ciwo ne ba.

Iri uku aka fi sayarwa, kuma halinsu ya bambanta, don haka ki tambayi sunan kafin ki biya. Mai ɗigo-ɗigo, Chilodus punctatus, shi ne ƙarami, bai cika wuce santimita 9 ba. Yana da sanyin hali da ɗan tsoro, kuma ya fi sakewa idan suna biyar ko shida tare, a tankin da bai gaza lita 100 ba. Mai dabbare-dabbare, Abramites hypselonotus, ya fi shi girma, yana cinye shukokin cikin tanki tas, kuma idan ya manyanta faɗa yake da 'yan uwansa. Mai zane a tsaye daga kai zuwa jela, Anostomus anostomus, yakan wuce santimita 15. Waɗannan biyun na ƙarshe, ko dai ki ajiye ɗaya tak, ko garke babba a tanki babba. Biyu ko uku kishi ne kawai, mai ƙarfi zai hana raunana sakat. Ga gida mai yara, ni dai mai ɗigon nake ba da shawara.

Abin da nake jin tsoro shi ne ɗabi'armu ta saurin kai hannu ga magani. Uwa ta ga kifi kai ƙasa, yaro na kuka wai zai mutu, sai ta fasa kafso ja da yalo ta zuba a ruwan kamar yadda ake yi wa kaji, ko ta watsa gishiri. Don Allah kada ki yi. A cikin na'urar tace ruwan akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon tanki, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yana iya hallaka su. Daga nan sai ruwan ya koma guba, kifin da yake lafiya ya kwanta da gaske. Gishiri mai yawa ma ba ya yi masa, don ɗan ruwan daɗi ne.

Alamun ciwo na gaskiya daban suke: ya daina cin abinci, ya kwanta a ƙasan tanki, ya hau saman ruwa yana haki, ya manne fukafukansa a jiki, ko ki ga fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri. Ko a nan ma, ki fara da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, abin da dama ya kamata ki riƙa yi duk mako. Ruwan famfo yana iya zuwa da sinadarin kulorin, saboda haka ki sa maganin cire shi da ake sayarwa a shagon kifi kafin ki zuba.

A gidajenmu, zafi da ɗaukewar wuta sun fi cuta kashe kifi. Wannan kifi yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, mu kuwa a bazara Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40. Ruwa idan ya yi zafi iskar shaƙa da ke cikinsa raguwa take, in kuma aka ɗauke wuta na'urar ta tsaya, abu biyu sun haɗu. Ki nisanta tankin daga taga, ki sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, ki tanadi ɗan famfon iska mai batir. Kada ki jefa ƙanƙara kai tsaye, sauyin gaggawa yana jigata shi. Da hunturu kuma sai na'urar ɗumama ruwa. Idan gidanki ba sola ba inbata, kuma wuta takan kwana biyu ba ta zo ba, gaskiya ki haƙura da shi tukuna.

Sai maganin sauro na fesawa. Sinadaran da ke cikin yawancinsu guba ne mai tsanani ga kifi, ko kaɗan ne. Kafin a fesa, ki kashe famfon iskar, ki lulluɓe tankin da zane mai kauri, kada ki buɗe sai ɗakin ya sha iska. Murfi dama wajibi ne, domin gwanin tsalle ne.

Abincinsa ba wuya. Bayan na gwangwani mai haɗin ganye, yana son alayyahu ko latas da aka wanke aka tsoma a ruwan zafi, da yankan kokwamba. Ki cire ragowar kafin ta ruɓe. Ki naɗa yaro ɗaya mai ba da abinci, in ba haka ba kowa zai zo ya zuba nasa.

Lita 100 na ruwa kilo 100 ne, ban da gilashi da tsakuwa. Teburin ya zama mai ƙarfi, wanda mai rarrafe ba zai iya jijjigawa ba, soket kuma ya kasance inda ruwa ba zai bi waya ya gangara cikinsa ba. Duk wanda ya taɓa ruwan ya wanke hannu da sabulu, 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kallo ne nasu. Kada a wanke kayan tankin a inda ake wanke kwanuka da fidar jariri. Idan kina da yanka a hannu ki sa safar roba, domin akwai wata ƙwayar cuta, dangin ta tarin fuka, da ke rayuwa a ruwan kifi, takan shiga ta rauni ta fito da ƙurji mai tauri da ke daɗewa bai warke ba. Ba kasafai ake kamuwa ba, kuma tana jin magani, amma takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, har an manta da zancen tanki. Idan kin ga irin wannan ƙurjin a hannunki ko na yaro, ki je asibiti, kuma ki faɗa wa likita cewa kuna kiwon kifi a gida.