Ku daina yi wa Planck ƙage a kan lokaci

1/ Jama'a, na gaji da bidiyoyin nan masu cewa wai kimiyya ta "tabbatar" lokaci tsalle-tsalle yake yi kamar hotunan fim, saboda haka duniya wasan kwamfuta ce. Ba ta tabbatar ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Hujjarsu ɗaya ce: lokacin Planck. A 1899 Max Planck ya haɗa saurin haske, ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, da lambar kwantam, ya samu wani mitsitsin lokaci: a lissafin yau, kusan daƙiƙa 5 a raba da 1 mai sifili 44.

3/ A daidai nan ka'idar Einstein ta 1915 da ta kwantam suke daina jituwa. Igiyar gugarmu ce ta ƙare, ba rijiyar ba.

4/ Kuma a lissafin ka'idojin biyu, lokaci gudana yake kamar ruwa, babu gaɓa.

5/ A 2020 masana a Frankfurt ta Jamus suka auna zeptodaƙiƙa 247. Duk ƙanƙantarsa, ya ninka lokacin Planck sau 1 mai sifili 24 har da ɗoriya. To wa ya ga tsallen?

6/ E, akwai masana irin su Carlo Rovelli da ke ganin sarari da lokaci ƙwaya-ƙwaya ne. Hasashe ne mai daraja, amma babu gwajin da ya gaskata shi.

7/ Duk wanda ya ce muku an gama magana, ku tambaye shi: wane gwaji, wace shekara? In ya fara kame-kame, mabiya yake nema.