Amaryar Tarakta da Masu Hango Laifi



Mako biyu ke nan da dawowarmu daga ɗaurin auren wani abokinmu a wani ƙauye da ke bayan Ejura, amma har yau maganar ta ƙi kwanciya. A bakin masallaci da teburin mai shayi zancen ɗaya ne: wai an kai amarya a kan tarakta, wai an zubar da mutuncin Hausawa a idon masu ƙasa. Mu da muka je muka gani da idonmu, ba za mu yi shiru masu ji-ta-ji-ta su yanke hukunci ba.

Ga abin da ya faru. Mun bar Kumasi bayan sallar asuba, muka bi hanyar Mampong, muka isa da hantsi. A gindin mangwaro aka shimfiɗa tabarmi. Waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki aka biya lakadan a gaban shaidu, aka raba goro, aka shafa fatiha. Daga nan sai wasa ya kankama. Dangin amarya suka ci abokan ango tarar dakan sakwara, har da wani malamin makaranta mai furfura, tsofaffin mata na gefe suna dariyar yadda ya riƙe taɓarya. Wani Bafulatani da wani Babarbare suka yini kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Bayan la'asar aka wanke tirelar da ake kwasar masara, aka shimfiɗa darduma, aka lulluɓe gefenta da zannuwa, amarya ta hau tare da gwaggwanninta, yara na bin su da guje-guje. Da dare, wajen sayen baki, ƙawayenta suka ƙi kuɗi, suka ce sai doya goma sha biyu, kuma ango ne zai ɗauko da kansa. Ya ɗauko. Babu katin gayyata, babu anko, babu zauren haya. Tuwon zafi da wake da shinkafa aka ci, kowa ya ƙoshi, har maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba.

To, muna tambayar masu suka: wane rukuni ne ya faɗi? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san aure yana tsayawa ne da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Ba a sharɗanta motar haya ba, ba a sharɗanta akwati goma ba. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Nana Safiyya a shekara ta 7 bayan hijira, a kan hanyar dawowa daga Khaibar aka yi walimar, aka shimfiɗa fatu aka zuba dabino da cuku da man shanu, babu nama, babu gurasa. Abdurrahman ɗan Aufu, attajiri ne, an umarce shi da walima ko da da akuya guda. Kuma ya tabbata a Buhari cewa da Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi ya tambaya ko akwai wasa tare da su, domin mutanen Madina suna son wasa. Wanda ya fi salihan farko kamun kai, ya fito mu gan shi.

Aikinmu shi ne riƙe littafin dattijon unguwa, saboda haka mun san abin da ke zuwa zaure bayan an watse daga bukukuwan birni. Mai haya da kujeru yana zuwa neman cikon kuɗinsa. Tela yana zuwa da ƙarar dangin da suka karɓi anko ba su biya ba. Mun rubuta da hannunmu shari'ar angon da ya sayar da babur ɗin da yake ci da shi domin dare ɗaya a zauren taro, wata uku bayan nan amarya ta yi yaji saboda babu cefane. Mun ga 'yan mata suna tsufa a gaban iyayensu, samari suna kewaya, ba don babu so ba, sai don jerin kayan da aka gindaya. Wannan ne abin kunyar da ya kamata a yi ta yayatawa, amma a kansa bakin kowa ya mutu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani abu kuma. Dokar auren Musulmi ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1907, ta ce a yi wa aure rajista cikin mako guda. Abokinmu na ƙauye ya yi. Da yawa daga masu biyan mai ɗaukar hoto dubban sidi ba su taɓa neman wannan takarda ba, sai ranar da miji ya rasu matar ta rasa abin nunawa a gaban hukuma. Tsakanin su biyun, wa ya fi mutunta amaryarsa?

Masu suka sun ce mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, ido yana kanmu, dole mu fito da kwalliya. Mun yarda ido yana kanmu. Amma kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga, waɗanda yaƙin 1892 ya warwatsa su zuwa Kete Krachi da Yeji da sauran garuruwa, ba da ƙawa suka sami wurin zama ba. Amana a ciniki da ilimi da riƙon maƙwabtaka ne suka saya musu daraja. Fatake ne masu jakuna, da yawansu a zango suka yi aure, da goro da fatiha. Yau jikokinsu ne ke jin kunyar tarakta, alhali masarar da take kwasowa ita ce kokon da suke karyawa da shi kullum safiya.

Ba mu ce kowane wasa halal ne ba. Inda aka cakuɗa maza da mata ana rawa, ko aka bar salla ta wuce, mu ne farkon masu tsawatawa. A can kuwa mata suna ɓangarensu, an tsayar da dakan sakwara an yi azahar cikin jam'i. Wasan taubasai da na ƙabilu da sayen baki gadonmu ne, su ne ke narkar da baƙunta tsakanin dangi biyu. Abin da ya shigo mana daga baya shi ne bikin bashi.

Saboda haka muna kira ga iyaye mata, su da ke rubuta jerin lefe, da malamai masu hawa mumbari: ku sauƙaƙa, ku bar yara su yi aure daidai ƙarfinsu, daidai ruwa daidai tsaki. Abokinmu ya kwana a ɗakinsa babu mai binsa ko kwabo. Duk wanda ya yi nasa bikin a birni ya iya faɗin haka, ƙofar zaure a buɗe take, ya zo mu rubuta sunansa.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, mu kuma Ya sa mu gane gaskiya mu bi ta. Amin.