Masu Tallan Farin Haƙori Suna Kankare Mana Baki

Da wuya mutum ya yi minti biyar a TikTok ko Instagram bai ci karo da wata hajiya ta washe baki a gaban fitila ba, tana ɗaga ƙaramar roba mai baƙin gari, tana rantsuwa cewa cikin kwana uku haƙorinka zai koma kamar madara. Wata gawayi take sayarwa. Wata kuma ba ta sayar da komai, ita kyauta take koyar da ɓarna: a matse lemun tsami a kan bekin soda, a dirje safe da yamma. Mutane kuwa sai tura wa juna suke a WhatsApp kamar sun samu laƙani.

Ba kwalliya nake yaƙi da ita ba. Kakanninmu mata fure suke ci da goro, haƙora su yi jawur, kuma a zamaninsu wannan ne ado. Alhazai sun dawo da haƙorin Makka, an yi ta sha'awa. Kowane zamani da abin da yake so. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a karɓi kuɗin mutum a ba shi abin da zai cinye masa haƙori, a kuma kira shi gyara.

Ga yadda haƙori yake. A samansa akwai wani ɓawo mai ƙyalli da likitoci ke kira inamel, wanda babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan Adam, har ƙashi. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai laushi da ake kira dantin, kuma launinsa ruwan ɗorawa ne tun fil azal. Ɓawon nan idan ya zaizaye ya tafi kenan, ba ya tsirowa kamar farce ko gashi. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, inamel yana fara narkewa idan aka yi ƙasa da 5.5. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Duk wanda ya taɓa shan tsamiya har haƙoransa suka mutu ya ɗanɗani somin taɓin abin. To, ka tausasa ɓawon da tsami, sannan ka bi shi da gawayi ko toka ka dirje kamar mai wanke gindin tukunya. Satin farko za ka ga haske, don dattin shayi da na goro sun fita. Idan ka ɗore, ɓawon zai yi siriri, dantin ya fara lekowa, haƙorin ya fi da ja, ruwan sanyi ya gagare ka. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma ruwan da ake shafawa mai sinadarin haidirojin ferokzaid. Shi kam yana haskaka haƙori da gaske, likitocin haƙori ma da shi suke aiki. Amma a Tarayyar Turai doka ta hana a sayar wa jama'a kai tsaye wanda ƙarfinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likita, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu a nan kwalba ce babu lambar NAFDAC, babu bayanin abin da ke ciki, ana aiko ta a mota daga wani gari, yarinya 'yar sakandare ta shafa har dasashinta ya ƙone ya yi fari.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai jan haƙori na ruwa. A wurare irin su Kaltungo da Langtang, ruwan ƙasa yana da fuloraid fiye da kima, yaro ya sha tun haƙoransa suna haɗuwa, su fito da tabo. Tabon a cikin jikin haƙorin yake, ba datti ba ne. Irin waɗannan su aka fi yi wa gori, su ne kuma kasuwar masu garin gawayi. Ko buhu guda suka ƙarar, tabon yana nan.

Asuwaki da burushi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, sau biyu a rana, sun wadatar da yawancin mutane. Dattin da ya daskare kuma, a asibitin haƙori ake cire shi da na'ura. Wanda ke son ƙarin haske bayan wannan, likita zai fara duba ko akwai kogo ko ciwon dasashi kafin ya sa masa komai. Hajiyar TikTok ba ta taɓa ganin cikin bakinka ba. Ranar da ka rubuta mata cewa haƙorinka yana tsami da zogi, ko dai ta goge saƙon, ko ta ce alamar magani yana aiki ne, ka ƙaro roba ta biyu.