Tsoron lissafi: Kafin mu zargi yaro, mu duba harshe

Makonni uku da shigar ’yata aji ɗaya na ƙaramar sakandare, na dawo daga sallar Isha’i na tarar da ita ta kifa kai a kan littafin lissafi tana hawaye. Yarinyar da a firamare take rige-rigen ɗaga hannu, ita ce yanzu ke kukan ciwon ciki duk ranar da aka ba su aikin gida. Na ce, “Mamana, lafiya?” Ta ce, “Abba, ni kam Allah bai ba ni kan lissafi ba.”

Na ɗauki littafin, na ga an rubuta 3x + 500 = 5,000. Sai na rufe shi na ce, “Na aike ki kasuwa da naira 5,000, kin auno gero mudu uku, an ba ki canjin 500. Nawa ne mudu?” Kafin in rufe baki ta ce 1,500. Ashe ba lissafin ne ya gagare ta ba, rigar da aka sanya masa ce ta firgita ta.

A matsayina na malamin kimiyyar harshe, ina da ra’ayin cewa da yawa daga abin da muke kira daƙiƙanci, ƙarancin fahimtar harshe ne kawai. Yaron da ya shiga sakandare yana fama da baƙi biyu a lokaci guda: Turancin da bai gama zama a bakinsa ba, da kuma harshen lissafi, inda haruffa ke tsayawa a madadin lambobi, kalmomi kuma ke sauya ma’ana. Kalmar da ya sani da nufin bambanci, a nan umarni ce na debewa. Idan bai gane tambaya ba, ta ina zai fara amsa?

Wannan ba sabon zance ba ne. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har ma sun zarce su a fannoni da dama. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a 2025 kuma ta janye. Ko ma mene ne matsayin hukuma, babu dokar da ta hana uba yi wa ɗansa bayani da Hausa a tsakar gidansa.

To amma a yi hattara, domin garin gyaran gira ana iya rasa ido. Wani bincike da masana a Jami’ar Chicago suka wallafa a 2015 ya nuna cewa iyayen da ke tsoron lissafi, idan suka yawaita taya ’ya’yansu aikin gida, sukan shafa musu tsoron. Saboda haka mu daina cewa, “Ni ma haka na sha fama, gado ne.” Mu ajiye tsawa da bulala, domin zuciyar da ta cika da fargaba ba ta da wurin ajiye lamba. Kada kuma mu karɓe alƙalami mu yi masa aikin. Mu sa shi ya karanta tambayar, ya maimaita mana ita da Hausa, sannan ya gwada. Idan ya kuskure, mu tambaye shi yadda ya bi ya isa can. Minti ashirin cikin natsuwa ya fi awa biyu cikin kuka. In abin ya ci tura, a je a ga malaminsa cikin mutunci, tun kafin a ɗauko mai lasin.

Na kuma ba ’yata labarin Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, don ta san cewa ilimin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Har yau takan ci karo da abin da ya ɗaure mata kai, amma ciwon cikin ya tafi. Yanzu cewa take yi, “Abba, tsaya in fassara tukuna.”

Allah Ya shirya mana zuri’a, Ya ba su ilimi mai amfani.