Sauri Kaɗai Ba Ya Ƙetare Mashigin Kaiwi

Tsakanin tsibiran Molokai da Oahu na Hawai, a Amurka, akwai mashigin teku mai suna Kaiwi. A 1997 aka fara tseren ƙetare shi, kimanin kilomita 52, bisa dogon allo da ake tuƙawa da hannuwa. Wasu na ganin mai sauri a tafki ya cancanci shiga. Sun yi kuskure. Ruwan tafki a kwance yake. A Kaiwi kuwa iska da igiyar ruwa sukan kautar da matuƙi daga hanyarsa. Kamata ya yi sharaɗin shiga ya zama shaidar kammala doguwar tafiya a tsakiyar teku, domin ko jirgin rakiyarsa yakan ɓace masa a tsakanin raƙuman ruwa.