Dandalin Gem: Wa da Ƙane a Hannu Biyu

 Yawancinmu idan aka ce gem, ƙwallo ce ke zuwa mana a rai. Wannan makon mun ajiye ƙwallo, mun ɗauko gem mai ba da labari, sunansa Brothers: A Tale of Two Sons.

Kamfanin Starbreeze na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 2013, daga baya ya zo wayoyin hannu, sannan aka sabunta shi a 2024. Wanda ya tsara shi, Josef Fares, daraktan fim ne haifaffen Labanan da ya girma a Suwidin. Labarin kamar tatsuniya yake: uba ya kwanta ciwo, mai magani ya ce babu abin da zai tashe shi sai ruwan wata bishiya mai nisa, 'ya'yansa biyu, Naia da ƙanensa Naiee, suka kama hanya.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne kai kaɗai kake tafiyar da yaran biyu a lokaci guda. Babban yatsanka na hagu shi ne wan, na dama shi ne ƙanen. Wan yana da ƙarfi, shi ke jan abu mai nauyi, shi ke ɗaga ƙanen ya hau inda hannu bai kai ba. Ƙanen siriri ne, yana ratsa tsakanin ƙarafa. Amma yana tsoron ruwa, domin a gabansa mahaifiyarsu ta nutse, don haka duk inda aka zo kogi sai ya rungume bayan wansa. Babu wanda ya tsaya yi maka bayanin wannan. Mutanen cikin gem ɗin ma wani ƙirƙirarren yare suke yi, mai ƙamshin Larabci, kuma babu fassara a ƙasa. Wannan ya yi mana daɗi ƙwarai, domin wanda Turancinsa bai nuna ba da wanda ke cinye jarrabawar Turanci duk ɗaya suke a nan. Halin yaran ma a aikace kake ganinsa: wan zai tsaya ya tambayi mutum hanya cikin ladabi, ƙanen kuwa ya watsa wa mai barci ruwa.

To, sai dai ba a rasa nono a ruga. Mintuna talatin na farko wahala ce zalla. Da zarar yaran sun sauya gefe a fuskar allo, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, ɗaya ya bi hanya, ɗaya ya je yana tunkuyar bango. A waya abin ya fi muni, saboda yatsu biyun suna rufe wani ɓangare na gilashin. Matsalolin da ake warwarewa a hanya kuwa sun yi sauƙi da yawa: ja wannan, tura wancan, a wuce. Cikin awa uku zuwa huɗu an gama, labarin hanya ɗaya yake bi, babu zaɓin da zai canza ƙarshensa, kuma sayensa ake yi. Wanda kuɗin tara ne jarinsa dole ya yi lissafi. Haka nan kada kalarsa mai kyau ta ruɗe ku ku miƙa wa ƙananan ƙannenku. Akwai filin yaƙi cike da gawawwakin ƙatti, jini na gudu kamar rafi, akwai kuma wurin da za ku tarar da mutum yana shirin rataye kansa.

Wanda ba ya so a ɓata masa labari, ya tsaya nan sai ya buga.

Wan ba ya komawa gida. Raunin da ya samu a hanya ya kashe shi a gindin bishiyar, kuma kai da hannunka za ka ja gawar, ka tura ƙasa ka rufe. Daga nan hannunka na hagu ya zama marar aiki. Sai ga ƙanen shi kaɗai a bakin ruwa, maganin uba na hannunsa. Ka danna maɓallinsa, ya ƙi shiga. Ka sake dannawa, ya ƙi. Sai ka danna maɓallin wan da ka binne, yaron ya faɗa ruwa ya yi iyo.

A nan ne muka yafe wa gem ɗin wahalar da ya ba yatsunmu. Da an sauƙaƙa shi tun farko, ko an ce mutum biyu su buga kamar yadda sabon na 2024 ya ba da dama, da hannun hagu bai saba da wan ba har ya ji rashinsa. Don haka idan kun same shi, ku buga shi ku kaɗai, da pad in da hali, kuma a bari sai an gama jarrabawa.