Maya Angelou: Mawaƙiyar Da Ta Yi Shekara Biyar Ba Ta Magana

Ran 20 ga watan Janairu, 1993, sa'ad da ake rantsar da Bill Clinton a kan mukamin Shugaban Amurka, aka kira wata dattijuwa Baƙar Fata ta karanta waƙarta a gaban taron. Rabon da a yi wa wani marubucin waƙa irin wannan karamci tun 1961, zamanin Robert Frost da Shugaba Kennedy. Wannan mata ita ce Maya Angelou, kuma abin mamaki, mai wannan murya ta taɓa yin kusan shekara biyar ba ta magana da kowa sai wanta Bailey.

An haife ta ran 4 ga watan Afrilu, 1928, a birnin St. Louis, amma a hannun kakarta ta tashi, a wani ɗan gari mai suna Stamps cikin Jihar Arkansas, inda wariyar launin fata ta yi katutu. Tana wajen shekara takwas ta je zama wurin mahaifiyarta, wani mutum da ke tare da uwar ya yi mata fyaɗe. Ta faɗi sunansa, aka gurfanar da shi gaban alƙali, ya yi kwana ɗaya tak a tsare, kana bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa. To, a hankalinta na ƙuruciya sai ta ɗauka bakinta ne ya kashe shi, don haka ta kame shi.

Cikin wannan shiru ne ta haddace waƙoƙi masu yawa. Wata mata mai ilmi, Bertha Flowers, ta riƙa ba ta littattafai, ta kuma nace mata cewa ba a sanin daɗin waƙa sai an furta ta da baki. Da haka harshenta ya kwance.

Ta yi kwandasta a San Francisco, ta yi rawa da waƙa, ta yi aikin jarida a Alƙahira, sa'an nan daga 1962 ta zauna a Akara, ta yi aiki a Jami'ar Gana zamanin Nkrumah. Ta koma gida a 1965 don taimakon Malcolm X, sai aka harbe shi; an kuma kashe Martin Luther King ranar da ta cika shekara 40 daidai.

Littafin tarihin ƙuruciyarta, na 1969, shi ya fito da sunanta, har wasu makarantun Amurka suka hana karanta shi saboda ta bayyana zancen fyaɗen ɓaro-ɓaro. Waƙoƙinta kuwa, masana da dama sun raina su, wai sun cika sauƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan idan a takarda aka tsaya, sai dai domin kunne aka tsara su, kuma faifan waccan waƙa ta 1993 har lambar yabo ta Grammy ya ci.

Ta koyar a Jami'ar Wake Forest tun daga 1982. Ta rasu ran 28 ga watan Mayu, 2014, tana da shekara 86, a 2022 kuma aka buga hotonta a jikin kwandalar Amurka.